Gado Ba Ƙusa

Ranar da Auta ta fara shiga shagon, Kafinta yana sunkuye yana yanka katako, fensir maƙale a kunnensa. Sai da ta yi sallama sau biyu ya ɗago, yana ganinta kuma ya manta da amsawa.

"Malam, ko ba a amsa sallama a nan?"

"Ana amsawa, ki yi haƙuri. Zarto ne ya cika min kunne."

Ta nuna masa hoton gadon jariri mai lilo a wayarta. Ta ce na yayarta ne, wadda ta shekara tara da aure, sai bana Allah ya ba ta ciki. Kafinta ya hau tambaya: yaya tsayin gadon Yaya yake, ta wane gefe take kwanciya?

"Duk wannan na mene ne?"

"Don ta iya lila shi daga kwance. Mai jego ba ta son sunkuyo."

Da yamma ta tura masa saƙo: "Na auna, inci ashirin da biyu. Ta hagu take kwanciya."

Ya amsa: "Aiki ya yi kyau, Injiniya. Gobe ki zo duba ma'aikata."

Tun daga nan sunan ya bi ta, ita kuma ta laƙaba masa Mai Fensir. In ta taso daga makarantar da take koyarwa sai ta biya, ya miƙa mata samfefa ta goge sandunan gefe. Hira takan ci rabin aikin. Wata rana ya ce, "Injiniya, ina jan aikin nan da gangan. Tsoro nake in gama ki daina zuwa." Ta sunkuyar da kai tana ta goge wurin da ya riga ya yi sumul.

Da magana ta kai kunnen Baba, ya kira ta falo. "Ban raina sana'a ba, Auta. Amma ban sa ki karatu don ki ƙare cikin ƙurar katako ba." Ashe akwai ɗan amininsa, ma'aikacin banki, da yake so ta duba. Wannan saurayin har ya aiko wa Yaya gadon jariri na roba sabo fil a kwali.

Auta ta rubuta tana hawaye: "Baba ya hana ni zuwa. An ma kawo wani gadon. Ka yafe ni."

Kafinta ya ɗauka wani saurayi ne ya kawo gadon, kuma shi ta zaɓa. Ya daɗe kafin ya amsa: "Ki bi maganar Baba. Gadon dai na jariri ne, shi bai yi min laifi ba."

Haihuwa ta zo a wata bakwai. Yaron ya yi sati uku a kwalba a asibiti, likita ya ce ƙirjinsa ba ƙwari, a raba shi da ƙura da duk wani wari. Auta ta kasa daurewa, ta tura: "Mai Fensir, bakwaini ne, ƙirjinsa ba ƙwari. Ka sa mu a addu'a."

Ranar da aka sallamo su aka buɗe kwali, warin sabuwar roba ya cika ɗaki. Yaya ta ƙanƙame ɗanta ta ce a fita da shi. Ana cikin haka aka ce ana sallama. Kafinta ne, da gado a kafaɗa, fari tas, ba fenti.

Baba, da ya zo duba jikansa, ya sa tabarau ya bi gadon da tafin hannu, lungu-lungu.

"Yaro, ina ƙusoshin?"

"Babu, Baba. Katako na sassaƙa ya shiga cikin katako. Ƙusa takan leƙo bayan shekara, jariri kuwa ba ya iya faɗin abin da ke sukarsa."

"Fentin fa?"

"Na ji batun ƙirjinsa, sai na fasa."

Aka ajiye shi gefen gadon Yaya, ya zo daidai. Ta miƙa hannu daga kwance ta lila, yaron ya yi ajiyar zuciya ya lumshe ido. Yaya ta fashe da kuka tana ta sa albarka.

Baba ya raka Kafinta har ƙofa. "Na hana ta zuwa, ka sani. Amma ka gama."

"Alkawari na ɗauka, Baba."

Tsohon ya ce, "Wanda ya tausaya wa jaririn da bai taɓa gani ba, ba zai wulaƙanta min 'ya ba. Ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun Auta ya sa cikin hannun ango, wanda aikin katako ya yi wa kanta.

"Na so in yi miki zaɓi da ido, Allah ya yi miki da kansa. Ku je, Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Yaya ce ta fara amsawa da amin, ɗanta yana ta wutsil-wutsil a kafaɗarta.