Abin da Aka Riƙe a Tsohon Gidan Kwastan

Askin gashin haihuwa ne ya kai mu ƙetaren kogi, ni da surukata Inna Bunruean, da jaririyata. Mijina Prayun yana bakin aiki, ɗan kwana-kwana ne. An yi askin lafiya, malaman haikali suka ɗaura mata farin zare a hannu, muka juyo rana na shirin faɗuwa.

A lokacin muna zaune a tsohon gidan kwastan na bakin kogi. Wani Bature ne ya gina wa sarki shi tun zamanin kakanni, da ginshiƙai tika-tika da dogayen tagogi, domin duk jirgin da ya shigo Bangkok ya tsaya a duba kayansa. An ce har rawa manya suke yi a benen sama. Da tashar jiragen ta koma can gangare, sai aka zuba 'yan kwana-kwana da iyalansu a ciki. Mu muka gaji ginshiƙan sarki, muka ɗaura musu igiyar shanya.

Ƙa'ida ɗaya gidan yake da ita, kuma Kawu Sawaeng mai gadi ba ya wasa da ita. Duk wanda ya shigo ta ƙofar kogi, sai ya ajiye abin da ya ɗauko a kan teburin dutsen da ke zaure, ya buɗe, ya faɗi ko mene ne. Ko kifi ne, ko tabarma. Muna yi muna dariya, amma muna yi.

Ita ma Inna tana da tata ƙa'idar, ta ƙauyensu. Ba a yabon jariri, kada aljanu su ji su yi sha'awa. Ita ta sa wa 'yata suna Kop, wato kwaɗo. Takan shinshina kumatunta ta ce, "Wannan mummunar, wa zai so ta?"

Muna tsakiyar kogi mai kwale-kwale ya ce, "Inna, ruwa ya cika layin da kuke bi ku shiga ta ƙofar titi fa. Sai dai in sauke ku a matakalar kwastan."

"Yi sauri dai, ɗan nan. Ba na son magariba ta same ta a kan ruwa."

"Ni ma ba na son ta same ni a can," in ji shi. Ko gama sauka ba mu yi ba ya tura kwale-kwalensa.

Inna ta lulluɓe yarinyar da zane, ta rungume ta. Na matsa kusa na ce, "Inna, in mun shiga sai an ajiye ta a teburin, a buɗe."

"A kwantar da jaririya a kan dutse da magariba? Kanki ɗaya kuwa, Lamduan? Wuce mu je."

Ban iya musu da ita ba. Na bi bayanta.

Zauren nan na san shi kamar tafin hannuna. Kullum warin soyayyen kifi yake da hayaƙin gawayi, yara na guje-guje, rediyon wani na tashi. Ran nan babu ko ɗaya. Igiyoyin shanya ma babu.

Warin barkono ya bugi hancina. Sai warin jiƙaƙƙen buhu, da ɗanyen katako, da kwalta.

Can ciki sarƙar sikeli tana ƙara a hankali. Ana jan akwati a ƙasa. Wani ya yi gyaran murya.

Muna ta tafiya, ƙofar tsakar gida ba ta matsowa. Teburin dutsen yana nan a gefenmu, ba mu wuce shi ba.

"Me kuka ɗauko?"

Muryar namiji ce, ba faɗa, ba tsawa. Muryar wanda ya gaji da aiki. Na duba, ban ga kowa ba, sai farar riga mai maɓallai a tsaye bayan teburin. Inda fuska ya kamata ta kasance duhu ne.

Na buɗe baki zan amsa. Inna ta riga ni. Ta rusuna, ta yi abin da uwarta ta koya mata.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Ɗan kwaɗo ne mummuna, a bakin ruwa na tsince shi."

Sarƙar ta yi shiru.

"Kwaɗo," muryar ta maimaita. "A buɗe."

Inna ta ƙanƙame yarinyar. Kop ta tsala kuka, irin kukan da ke tsinka hanjin uwa. Na fizge ta, na yaye zanen, na kwantar da ita a kan dutsen nan mai sanyi kamar ƙanƙara.

"'Yata ce," na ce. "Mutum ce. Ni na haife ta a gidan nan. Don Allah."

"Ba haka aka faɗa ba."

Wasu fararen riguna suka fito daga bayan ginshiƙai. Ban ji takunsu ba. Na miƙa hannu in ɗauke ta, hannuna ya ƙi motsi. Ƙafata ta ƙi. Ina tsaye kamar an dasa ni.

Ina kallo aka juya ta. Aka ɗaga ƙafarta. Aka buɗe tafin hannunta ɗaya bayan ɗaya, aka leƙa kunnenta, kamar yadda ake duba kaza a kasuwa. Fatarta na lotsawa inda yatsun da ba na gani suke taɓawa.

Inna ta zube ƙasa tana raɗa, "Ku ɗauke ni. Tsohuwa ce ni, ku ɗauke ni."

Ba wanda ya kula ta.

"Kayan da aka ɓoye," in ji muryar, "ba ya wucewa duka."

Aka buɗe bakin yarinyar.

Kukan ya yanke. Bakinta a buɗe, fuskarta ja wur, ƙirjinta na hawa da sauka, amma ba sauti.

Sai na ji kukan daga wani wuri. Yana nisa, yana bin zauren, kamar an ɗauke shi a hannu ana tafiya da shi. Aka buɗe wata ƙofar ƙarfe. Aka rufe.

Farin layin alli ya fito a kan cikinta.

"Ku wuce."

Hannuna ya saku. Na sure ta na ruga. Taku kaɗan sai ga ni a tsakar gida, ana soya kifi, yara na wasan ƙwallo. Kawu Sawaeng ya kalli allin da ke cikin yarinyar, ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

Ba inda ba mu kai ta ba. Likitoci suka ce maƙogwaronta lafiya lau. Malaman haikali suka yi addu'a har suka gaji. Prayun ya sa gatarin aikinsa ya fasa ƙofar tsohon sito na ƙarshen zauren, inda na ji an kai kukan, bai samu komai ba sai kashin jemagu. Inna ta koma ƙauye, ba ta sake ɗaukar jaririn kowa ba har ta mutu. Na so in tsane ta, na kasa. Kare yarinyar take yi, da abin da ta sani.

Kop ta girma ba ta taɓa fitar da sauti ba. Amma duk magariba, in na jingina kunne da bangon siton, ina jin ta. Da farko kukan jariri ne. Daga baya gwaranci. Muryar tana girma tare da mai ita. Na ajiye lemo da turare a teburin, na durƙusa na roƙa har gwiwoyina suka yi kanta. Ba a sake amsa mini ba.

Da gwamnati ta ce mu tashi za a gyara ginin, Kop ta riga ta zama budurwa. Ranar ƙaura, an gama loda kaya a mota, na ja hannunta muka je bakin siton. Tana tsaye kusa da ni, leɓɓanta a rufe.

Daga ciki muryar budurwa ta ce, a hankali, "Mama, ina za ku?"

Direba yana ta danna oda a waje. Na tafi da ɗaya, na bar ɗaya.