Wanda Ya Juya wa Alhaji Takalmi

Da safiyar wata Asabar, cikin hutun ƙarshen shekarar 2018, masu lodin kaya a gaɓar Port Saeed da ke Dubai suka hango wani farin abu yana lilo a ruwa tsakanin jiragen katako. Sun ɗauka buhu ne ya faɗa. Da suka jawo shi da ƙugiya sai ga mutum.

Tun jiya ake nemansa. Sunansa Alhaji Badaru, mai sayar da yadi a Kano. Ya zo Dubai hutu tare da ƙanwarsa Hajiya Turai, don ya ga 'yarsa Ummulkhair da ke aure a unguwar Karama. Mijinta Izzuddeen, ma'aikacin wani kamfanin jigilar kaya, shi ya riƙa yawo da su gari. Sun hau dogon benen nan da ya fi kowanne tsawo a duniya, sun kalli ruwa mai rawa, sun shiga kasuwar zinare. Ranar Juma'a kafin magariba suka shiga jirgin katako irin wanda ake cin abinci a cikinsa ana zagaya Khor, wato ruwan da ya ratsa tsohon gari. Da jirgin ya dawo gaɓa, ba Alhaji.

Sufeto Sharfuddeen aka ba aikin. Haifaffen Sudan ne, jikan mahajjatan ƙafa da suka taso daga ƙasar Haɗeja suka yada zango a hanya, ba su ƙara komawa ba. Duk abin da ya shafi Bahaushe shi ake turawa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, kuma ba ya son dogon surutu.

Ya tsuguna ya duba gawar. Hannun riga a naɗe har gwiwar hannu, ƙafar wando ma a naɗe. Agogo yana cikin aljihu. Ba takalmi, ba hula.

Sajansa, wani ɗan Yaman, ya ce ko dai mutumin da kansa ya faɗa, tunda an sami takalmansa a jere a bayan jirgi, ko kuwa ma'aikacin da aka kama ne ya tura shi. Sufeto ya ce wanda ya yi niyyar kashe kansa ba ya ɓoye agogo don kada ya jiƙe. Wannan alwala yake yi mutuwa ta same shi.

Ma'aikacin da aka kama sunansa Sabo, ɗan Damagaram, mai kai abinci tebur. Manajan jirgin ne ya miƙa shi, ya ce kowa ya ga sun yi cacar baki da marigayin. Idan ba a sami wani ba, gobe Lahadi za a kai shi gaban mai gabatar da ƙara da tuhumar kisan kai. A garin nan kuwa, talaka baƙo ya shiga wannan ƙofa, fitarsa sai Allah.

Sufeto ya je jirgin. A bayansa, kusa da injin, akwai wani ɗan fili mai gajeren shinge, iya gwiwa. Nan takalman suke, an zagaye su da igiyar 'yan sanda. Fata ne masu tsada, an jera su kai ɗaya, nesa da inda ruwa zai fantsama, bakinsu yana kallon cikin jirgi. Gefe ga robar ruwa babu komai a ciki.

Ya tambayi kyamara. Manaja ya sosa ƙeya ya ce akwai, amma kwalliyar fitilun sabuwar shekara ta rufe mata ido. Ya ce a lokacin duk mutane suna ƙasa, an kashe wuta, mai rawar juyi yana ta juyawa da bujensa mai fitilu, kiɗa kuma ko harbi aka yi ba mai ji.

A caji ofis Sabo yana zaune a ƙasa, idanu jajur. Ya ce Alhaji ya nemi buta da ruwan ɗumi saboda sanyi, shi kuma ya gaya masa patron, wato manaja, ya hana alwala a bayan jirgi, akwai bayi a ƙasa. Alhaji ya ce shi ba ya alwala a inda ake kashi, ya zage shi tas a gaban baƙi.

"Ka ba shi ruwan ko ba ka ba shi ba?"

"Ban ba shi ba, ranka ya daɗe."

"Robar da ke bayan jirgi fa, da ƙafarta ta je?"

Sabo ya sunkuyar da kai, ya ce bai sani ba. Sufeto ya ga ƙarya ƙiri-ƙiri, amma bai matsa ba. Ya tashi ya tafi Karama.

Gidan ɗaki biyu ne a wani tsohon bene, ƙasansa shagon jakunkuna. 'Yan kasuwar Kano sun cika falo ana ta'aziyya. Sufeto ya cire takalmi a ƙofa, ya yi gaisuwa yadda ake yi, sannan ya nemi a ba shi wuri da iyali.

Hajiya Turai ce ta fi magana. Ta ce an kawo abinci ke nan, shinkafa da gasasshen kifi ba gishiri ba yaji, Yaya ya ɗan taɓa ya ce magariba za ta wuce shi, ya tashi. Su kuma kallo ya ɗauke musu hankali, sun zaci yana sama yana lazimi. Ta nuna masa hotunan da ta ɗauka a waya. Ga Alhaji nan da farar shadda da hula zanna mai ruwan toka, yana dafe da ita saboda iska.

Sufeto ya nuna mata nasa hoton, na takalman. Ta daɗe tana kallo, sannan ta girgiza kai.

"Wannan ba ajiyar Yaya ba ce. Tun muna yara bai taɓa jera takalmi ba. Ɗaya gabas ɗaya yamma yake watsar da su, sai dai a bi shi a gyara."

Izzuddeen dogo ne, mai sanyin murya, ko ido ba ya haɗawa da babba. Ya ce shi bai ma zauna teburin ba. Ina shi ina cin abinci a gaban Baba? Ya ɗauki farantinsa ya hau sama, bai sauko ba sai da aka kunna wuta. Hajiya Turai ta ce gaskiya ne, yaron akwai kunya, tun da suka zo bai taɓa kai loma baki a gabansu ba.

Ummulkhair tana can lungu, ta rufa da mayafi har goshi, ta rungume wata sallaya a naɗe. Sufeto ya tambaye ta ko akwai wani saɓani tsakanin mahaifinta da wani. Ta ce babu. Da ta ɗaga hannu za ta share hawaye, mayafin ya zame, ya ga wani tsohon shati baƙi a wuyan hannunta. Ta yi maza ta rufe.

Ya yi sallama. Izzuddeen ya rako shi ƙofa, ya riga shi sunkuyawa, ya ɗauko takalman Sufeto daga cikin tarin na mutane, ya jera su kai ɗaya, ya juya masa su yadda zai zura ƙafa kawai ya wuce.

"Allah ya yi albarka," in ji Sufeto. "An ba ka tarbiyya."

Daga nan caji ofis ya koma. Bai zauna ba ma. Ya gaya wa Sabo cewa aikin da yake tsoron rasawa ya riga ya tafi, yanzu wuyansa ake magana. Sabo ya fashe da kuka. Ya ce wallahi bayan zagin ne tausayi ya kama shi, dattijo ne sa'an ubansa, ga sanyi. Ya shiga kicin ya sirka ruwa a roba a ɓoye. Amma ba Alhaji ya miƙa wa ba, surukin ne ya zo ya karɓa. Ya ɓoye ne don patron ya ce duk wanda ya ƙara ba wani ruwan alwala, a soke bizarsa.

"Farantin surukin fa, wa ya kwashe a sama?"

"Ni ne. Ko cokali bai sa ba. Na ce ko abincin ne bai yi masa ba."

Bayan la'asar Sufeto ya sake hawa benen Karama, wannan karon da sajansa. Masu ta'aziyya sun tafi masallaci. Ya zauna ya fuskanci Izzuddeen, matan suna gefe.

Ya tambaye shi zancen roba. Izzuddeen bai ko girgiza ba. Ya ce haka ne, ya manta ne saboda ruɗewa. Ya karɓo ruwan ya miƙa wa Baba a bakin matakala, ya hau sama abinsa.

"Ba ka bi shi baya ba?"

"Ban bi shi ba, yallaɓai."

"Dattijo zai yi alwala da roba a jirgi yana tangaɗi, surukinsa mai kunya ya miƙa masa ya juya? Wa ya zuba masa?"

"Wataƙila ma'aikacin ne."

"Wanda ya zaga? Shi ne kuma ya kwashe masa takalmi daga jiƙa, ya jera, ya juya masa su?"

Izzuddeen ya ce takalmi ai kowa na iya juyawa. Sufeto ya ce haka ne, kowa na iyawa, amma yau ya shiga gidan nan cikin mutane da yawa, mutum ɗaya ne ya juya masa nasa.

Sai ya koma kan hula. Ya ce iskar da ake yi jiya a Khor, ba mai ajiye zanna a ƙasa ko a gwiwa ya yi shafar kai, ruwa za ta tafi. Miƙa ta ake yi ga wanda ke tsaye a kanka. Ya nemi a kawo masa kayan da Izzuddeen ya sa jiya. Izzuddeen ya ce tun da safe an kai wanki.

Magana ta gaskiya, a nan Sufeto ba shi da sauran abin riƙewa. Takalmi ba ya tsayawa shaida a kotu, maganar Sabo kuma maganar wanda ake tuhuma ce. Ya juya wajen Ummulkhair.

"'Yata, akwai wani bawan Allah a kulle, yana da mata da 'ya'ya a Damagaram. Laifinsa ya ɗumama wa mahaifinki ruwa. Gobe zan miƙa shi, daga nan ba hannuna. Ke ce kike zazzage aljihu kafin a kai wanki?"

Izzuddeen ya kira sunanta a hankali, irin kiran da ita kaɗai ta san abin da ke bayansa. Hajiya Turai ta dubi wannan ta dubi wancan.

Ummulkhair ta sauke sallayar da take rungume da ita tun safe, ta warware a kan kafet. Hula zanna mai ruwan toka ta faɗo, a ninke, a bushe ƙayau.

"A aljihun jamfarsa na gani," ta ce. "Gwaggo, ki yafe mini. Tsoro nake ji."

Hajiya Turai ta ɗauki hular ta kai hanci, ta ji turaren yayanta, ta fara salati ba ƙaƙƙautawa.

Izzuddeen ya dubi hular. Da ya buɗe baki, muryar nan mai sanyi ba ta canza ba. Ya ce shi ya zuba wa Baba ruwa, shi ya karɓi hular, shi ya gyara takalman. Baba yana wanke hannu yana magana, ko kallonsa bai yi ba. Baba ya ce ya ga jikin 'yarsa, ya kuma san ba faɗuwa ta yi a bayi ba. Ya ce ya riga ya yanka mata tikiti, tare za su koma Kano, kuma kafin su tashi yana so ya sawwaƙe mata. Ya ce zai tara 'yan kasuwar Kano da ke unguwar Deira ya gaya musu ko wane ne Izzuddeen mai ladabi.

"Ya ɗaga ƙafa zai wanke, yana tsaye a kan ɗaya. Hannu ɗaya na sa na tura shi. Ban ji faɗuwarsa ba ma, kiɗa ya yi yawa."

"Ka san bai iya ruwa ba?"

"Na sani."

"Ka kira wani?"

"A'a. Sama na hau na zauna a gaban abincin."

"Hular fa, me ya hana ka jefa ta?"

"Ban tuna tana jikina ba. Karɓa na yi na sa a aljihu kamar kullum."

Sufeto ya buga waya caji ofis ya ce a fito da Sabo daga sel a ba shi shayi, a kuma kira manajan nan ya zo, akwai maganar da za su yi kan kyamara da kan biza. Sajan ya buga wa Izzuddeen ankwa ta baya, ya ce yalla, wato mu je.

A bakin ƙofa takalman Izzuddeen suna yadda ya cire su da ya dawo daga raka baƙi, bakinsu yana kallon cikin gida. Hannunsa a ɗaure, ba halin sunkuyawa. Ya tsaya, ya waiwayo ya dubi matarsa, don tun da aka kawo ta gidan nan ita ke juya masa su duk safiya.

Ummulkhair tana zaune da hular ubanta a cinya. Ba ta tashi ba.

Ya yi ta laluben takalmin da yatsun ƙafa har ya samu ya zura ɗaya, ya take bayan ɗayan. Haka aka sauka da shi bene yana jan ƙafa, masu ta'aziyya da ke dawowa daga masallaci suna matsawa jikin bango suna ba su hanya.