Hasken da Ake Zubarwa

Ni ne na ƙarshe a layi, ana dab da magariba. Tun da rana aka yi min allurar nan mai sa ƙashi haske, don a gano ko ciwon dajin da ke marata ya kai ga ƙasusuwa. In bai kai ba, a yi min aiki. In ya kai, to, sai addu'a.

Mai ɗaukar hoton, sa'ar 'yata, ta ɗaure min hannu da ƙafa a kan wani siririn gado.

"Baba, ko ƙuda ya sauka kada ka motsa. Kana motsawa hoto ya lalace, allurar kuma sai ranar da aka sake kawowa."

"Ni da na tsufa a kujerar tirela, kwanciya ce za ta gagare ni?"

Ta yi dariya. Ta ce injin ba ya son kowane haske sai wanda ya fito daga ƙashi kai tsaye. Wanda ya bugi wani abu a hanya ya raunana, ware shi ake yi a zubar, don dagula hoto yake yi. Ta fita, ta ja ƙofar.

Injin ya sauko a hankali, ya tsaya dab da hancina. Ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninmu ba. Ɗakin sanyi ƙalau, sai warin maganin goge ƙasa.

Can sai warin ya koma na jiƙaƙƙiyar toka.

Gadon ya yi ƙara.

Wani ya kwanta a kaina. Ƙirji a ƙirji, gwiwa a gwiwa. Wallahi ban ga kowa ba, amma ina jin numfashinsa a gemuna.

Na so in ƙwala ihu, na tuna allurar.

"Yauwa," aka raɗa min. "Kada ka motsa."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a hanya ba. Hawaye ya gangara cikin kunnena, ban ko ƙifta ba, har injin ya kai ƙafafuna.

Ƙofa na buɗewa, nauyin ya ɗaga.

Da na koma karɓar sakamako, likita ya ce ƙasusuwa fes. Ban gama hamdala ba yarinyar nan mai ɗaukar hoto ta shigo, fuskarta ba walwala.

"Baba, ba ka ce min akwai ƙarfe a cinyarka ba?"

"Tun hatsarin da na yi."

Babu alamarsa a hoton. Ta nuno min hoton raunanan hasken da ake zubarwa, wanda ta ce hannunta ya ƙi gogewa. Ga ni nan dishi-dishi, a ƙarƙashin wata doguwar halitta.

Lafiyayyun ƙasusuwan nan ba nawa ba ne. Nawa har yau ba wanda ya san halin da suke ciki.

An sake ba ni rana. Na roƙi ta safe, suka ce ta yamma kaɗai ta rage.