Baturan Jiniyar Bakin Gada

Ƙarfe tara da kwata na safe wayar caji ofis ta yi ƙara. Daraktan hukumar agajin gaggawa ne. An sace batura huɗu na jiniyar gargaɗin ambaliya da ke unguwar bakin gada.

Da a wata rana ce, kofur kawai Sufeto zai tura. Amma kwana uku ana tafka ruwa, madatsar ruwa ta cika maƙil, an kuma sanar za a buɗe ƙofofinta ƙarfe huɗu na yamma. Ofishin jiha ya ba da umarni jiniyoyin garin guda uku su yi kuka tare ƙarfe biyu, don jama'a su hau tudu. Ɗaya tana kasuwa, ɗaya tana unguwar makaranta, ta ukun tana bakin gada, inda ruwa yake fara shiga in ya zo.

Sufeto ya bar shayinsa a tebur, ya kira Saje, suka fita.

Ɗakin baturan yana gindin hasumiyar jiniya, bai fi ɗakin wanka girma ba. Darakta yana ta safa da marwa a ƙofa, waya biyu a hannu. Kusa da shi Injiniyan hukumar ne tsaye, mai kula da jiniyoyin duka.

"A sayo sababbi mana," in ji Sufeto.

"Irinsu sai babban birni, kuma hanya ta yanke tun jiya," Darakta ya amsa. "Batirin mota ba ya iya tayar da ita."

"Wa ya fara gani?"

"Ni ne, yallaɓai," in ji Injiniya. "Na zo gwaji ƙarfe takwas, na tarar an yanke kwaɗo da zarto."

Sufeto ya duƙa a bakin ƙofa yana duban ƙasa. Babu garin ƙarfe ko kaɗan. Da ya shiga ciki sai ga shi a kan benci, an share shi rabi da rabi. A ciki aka yanke kwaɗon, bayan an buɗe shi da makulli. Ya ɗaga wayoyin da suka rage, ya ga kowace an kwance ta da sufana, an naɗe bakinta da salatif tsaf.

"Ɓarawon nan ya san darajar waya," ya ce.

Maigadin wurin tsoho ne mai tari. Ya rantse bai matsa ko nan da can ba.

"Baba, wandonka da laka har gwiwa. Nan kuwa siminti ne," in ji Sufeto.

Tsohon ya dubi wandon kamar na wani ne. "To, ranka ya daɗe, bayan asuba na leƙa gida. Ruwa ya fara taɓa ƙofarmu, ga jikokina."

"Ka daɗe?"

"Kamar awa biyu. Amma jiya da yamma na ga baturan da idona, huɗu cif. Har da mai jar waya."

"Wane ne mai jar waya?"

"Batirin da hannunsa ya karye aka ɗaure shi da ita."

Ƙarfe goma da rabi ta wuce. Sufeto ya tsallaka titi zuwa shagon wata tela da ke fuskantar hasumiyar. Ta riga ta ɗora keken ɗinkinta a kan tebur, tana cusa yadudduka a buhu.

"Yaya, ba ki ga wata mota da safe ba?"

"Ni ta kaina nake, ɗan'uwa. Ban ga kowa ba."

"Jiniyar nan tana aiki kuwa?"

Ta yi tsaki. "Wannan? Ai ta manya ce. Ba ta buɗe baki sai ranar da baƙi suka zo daga jiha. Sai ka ga a-kori-kurar hukuma ta rigaye su, an sauke kaya a gurguje, su iso, ta yi ihu, a tafa."

"Wane irin kaya?"

"An rufe da tamfal. Ni ba na leƙen abin da ba a nuna mini ba."

Ga wadda ba ta leƙe, ai ta ga abu da yawa.

A ofishin hukumar, Sufeto ya nemi rahoton ziyarar da jami'an jiha suka yi watan jiya. Sakatariya ta ɓata kusan rabin awa tana neman fayil, shi kuwa ya kasa zama, yana duban agogon bango yana duban nasa. Darakta yana ta bayani cewa kowace jiniya baturanta huɗu, goma sha biyu ke nan, kuma an yaba musu a rubuce.

Rahoton yana da hotuna uku. Sufeto ya jera su a tebur. Na kasuwa an ɗauke shi ƙarfe goma, na makaranta sha biyu, na bakin gada ƙarfe uku. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan na farko, ya matsa na biyu, ya matsa na uku. A kowanne akwai batir mai hannu ɗaure da jar waya.

"Darakta, yaushe rabonka da shiga ɗakunan nan ba tare da baƙi ba?"

Darakta ya jawo hotunan gabansa yana dubawa.

Sufeto ya tura Saje da mota ya dubo sauran jiniyoyin biyu. Sha biyu da minti goma Saje ya bugo daga kasuwa, ya ce ɗakin wayam, har gizo-gizo ya yi saƙa a mazaunin baturan. Bayan kwata ya sake bugowa daga unguwar makaranta. Batura huɗu suna nan a haɗe, ɗaya da jar waya, ga sawun taya sabo a ƙofa.

Aka kira Injiniya. Ya shigo yana goge hannu a riga.

"Ina gidanka?" in ji Sufeto.

"Bayan makaranta, yallaɓai."

"Batura nawa hukumar nan take da su?"

"Goma sha biyu. Yanzu takwas, tunda an sace..."

Sufeto ya juya masa hotunan. "Sake ƙirgawa."

Injiniya ya kalle su. Gumi ya keto masa duk da sanyin ruwan sama. Ya nemi kujera ya zauna ba tare da an ba shi izini ba.

"Aro na yi," ya ce a hankali. "Lokacin zafin bara, babu wuta, yarana ba sa barci. Na kai huɗu gida. Da suka mutu na ɗauko huɗu, su ma suka bi su. Na ji tsoron faɗa. Baƙi kuwa ɗaya bayan ɗaya suke duba jiniyoyin, sai in riga su da motar hukuma. Ban taɓa zaton za a ce su yi kuka tare ba."

"Yau da safe fa?"

"Saiti ɗaya ne, unguwa uku. Matata da 'ya'yana suna ƙarƙashin ta makaranta. Kai da ka samu kanka a haka..."

"Gidaje nawa ne a bakin gada?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya fi kowa sanin lissafin, shi ya zana taswirar unguwar.

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai, amma babu lokacin faɗa. Ya umarci Saje ya ɗauko baturan daga unguwar makaranta ya kai bakin gada. Aka sa Injiniya a mota, don duk garin babu wanda ya iya haɗa su sai shi. Ya haɗa su, Sufeto na tsaye a kansa. Ƙarfe biyu da minti ashirin jiniyar ta ɗauki kuka, mutane suka fara fitowa da katifu a ka, da yara a baya. Sai a lokacin Saje ya ɗaura masa ankwa.

"Yallaɓai, don Allah a ara mini waya in kira gida," in ji Injiniya.

Sufeto ya danna lambar, ya kara masa a kunne. Muryar matar Injiniya ta fito har kowa yana ji.

"Ki kwashi yara ku hau tudu yanzu," Injiniya ya ce.

"Haba Baban yara, ba a busa tamu ba tukuna. Kai da bakinka ka ce wa mutanen layin nan kada kowa ya tashi sai ya ji ta, don kada a yi turmutsitsi. Ga mu nan duk muna zaune muna jira."

Wayar ta katse. Sufeto ya sake kira har sau uku, ba ta shiga ba.

Ya dubi agogo, ya ciro lasifikar hannu guda biyu daga bayan mota, ya tura wani kofur kasuwa da ɗaya. Ɗayar kuma ya cusa ta a hannun Injiniya, ankwa da komai.

"Hau baya. Kafin caji ofis za mu bi ta unguwarku, layi-layi. Muryarka suka sani."

Motar ta tashi cikin ruwa. Injiniya ya tsaya a bayanta, Saje na riƙe da bel ɗinsa. Da suka shiga layin farko ya ɗaga lasifikar da hannu biyu.

"Jama'a ku fito," ya ce. "Kada ku jira jiniya. Babu komai a cikinta, ni na cire."