Kuɗin Tsufanmu

Ina cikin shanya wanki maƙwabciyata ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Maman Auta, fito! Yayan mijinki ya rotsa masa kai a wurin aiki!"

Ni dai na tsinci kaina a titi da takalmi ƙafa ɗaya.

Tun kafin a faɗa min na san mafarin rigimar. Mijina mai walda ne a kamfanin ƙera ƙofofi. Duk wata, kafin albashi ya iso hannunsa, ana cire wani abu a zuba masa a asusun fansho, shi kuma ya ce a riƙa ƙara wani a kai. Ban yi boko mai nisa ba, amma ya yi ta nanata min har na haddace: abin da ya shiga can haraji ba ya taɓa shi, amma in ka ciro kafin lokacin ritaya, sai an yanki haraji, a ɗora maka tara.

"Kuɗin tsufanmu ne, rabin raina," yakan ce. "Ranar da haƙoranki suka zube, da me zan sayo miki tsoka mai laushi?"

"Naka za su riga zubewa, tsoho!"

Yaya Babba kuwa motar haya ya ƙwallafa wa rai, ya ce dole ƙaninsa ya fasa asusun. Ya sha zuwa gidanmu yana dukan ƙofa. Ran nan ya bi shi har wurin aiki, magana ta yi zafi, hannunsa ya kai kan wani guntun rodi.

A asibiti na tarar da rigar aikin mijina a ƙasa, jini ya rine ta. Yaya Babba na tsugune jikin bango ya haɗa kai da gwiwa. Ban san ina da ƙarfi haka ba. Na ci kwalarsa, na buga kansa da bango, na gantsara masa cizo a hannu har na ji gishirin jini a bakina.

"Azzalumi! A kan mota? A kan ƙarfe?"

Inna, uwar mijina, ta rungumo ni ta baya tana kuka.

"'Yata, ki dubi girman Allah... duk biyun ni na haife su!"

Na sake shi, ba don shi ba.

Likita ya ce jini ya taru a cikin kai, sai an yi aiki, kuma aikin ba na kuɗin aljihu ba ne. Na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinkina, ko rabi ba su kai ba. Wani abokin aikinsa ya karɓo mana takardar cire kuɗi daga ofishin fansho. Saura sa hannun mai asusu.

Ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Mene ne wannan?"

"Sa hannu, Baban Auta."

"Za su yanka... da tara fa..."

"Su yanke duka! Kai nake so, ba tsoka mai laushi ba!"

Ya dunƙule hannunsa ya tura ƙarƙashin bargo. Wallahi kokawa na yi da shi. Mutumin da ko hararar kirki bai taɓa yi min ba, na danne masa kafaɗa, na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na dangwala babban yatsan a tawada na manna a takardar. Yana nishi, ina kuka.

"'Yar rigima..." ya ce, har da ɗan murmushi. "Kin karya min yatsa."

Na kai yatsan bakina na sumbata, tawada ta ɓata min leɓe.

A ofis suka ce sai an bi ƙa'ida, in dawo wani mako. Bai kai wani makon ba. An yi masa wanka da sauran shuɗin tawada a yatsansa, ya ƙi fita.

Bayan na gama takaba na koma ofishin. Ma'aikacin ya duba na'urarsa ya ce cikin ladabi:

"Baiwar Allah, Allah Ya ji ƙansa. Waccan takardar an soke ta. Tunda mai asusu ya rasu, a ƙa'idarmu ba tara, ba abin da za a yanka. Magada za su karɓa cif."

Cif! Na sa hannu na share duk abin da ke kan teburinsa ya watse a ƙasa, sai da masu gadi suka fitar da ni. Baban Auta ya ci gardamarsa, ko sisi ba a taɓa masa ba.

Yaya Babba na kurkuku. Inna tana wajena, ni nake dafa mata, ba ma zancen. Auta na makaranta da kuɗin tsufanmu.

Kullum in zan ɗora tukunya, kafin shinkafa ta taɓa ruwa, sai na ɗibi tafi guda na zuba a tsohon kwanon da Baban Auta yake tafiya da shi wurin aiki. Auta kan ce, "Mama, wannan na wa ne?"

In ce mata na gobe ne, in rufe kwanon.