Keken Ɗinkin Ɗaso

Kwana tara bayan saukowa daga Arfa a shekarar 1964, wani mai shagon ɗinki, Dawuda, ya faɗo ofishin 'yan sanda na kusa da unguwar Tandabawi a Makka yana huci.

"Ya Sidi, an yashe ni! Ranar Talata ina Jidda, 'yar aikina ta gudu da keken ɗinkina."

Sufeto Ja'afaru, haifaffen Makka ɗan asalin Katsina, ya jawo biro.

"Sunanta?"

"Ɗaso. Ko takardar zama ba ta da ita. Ku kama ta, ku tasa ƙeyarta zuwa ƙasarsu."

Sufeto ya ɗago kai. A saninsa, wanda aka yi wa sata kayansa yake fara nema.

A unguwar Ka'akiyya ya sami Ɗaso, ta raɓe a ɗakin langa-langa na wata ƙawarta. Ba ta da komai sai tabarma da ƙullin zannuwa.

"Ni ce 'yar aiki?" Ta miƙe tsaye. "Shekara goma sha huɗu ina matarsa! A Janaina aka ɗaura mana aure, muna kan hanyar zuwa nan. Malamin ya rasu, shaidu sun watse. Awarwarona na sayar na sayi keken nan. Ni na yi ta taka shi har ya zama shago. Da ya sami takardar ɗan ƙasa, sai ya watso min kaya waje, wai bai san ni ba."

"Kina da takardar aure, Hajiya?"

"Wa ke raba takarda a gindin bishiya?"

Sufeto ya wuce shagon. Ƙafafun keken na ƙarfe sun karce daɓe har bakin ƙofar baya. Wannan kaya ya fi ƙarfin mace guda.

Hadi, mai kai wa shagunan layin ruwa, ya fara da cewa bai ga komai ba.

"Tayyib, shi ke nan," in ji Sufeto. "Zo ka rantse a gaban Ka'aba."

Hadi ya sauke garwa.

"Talata da hantsi amalanke ya zo. Dawuda da kansa ya kama aka ɗora. Na ji ya ce wa mai jakin ya kai shi unguwar Shisha."

Kafin la'asar an fito da keken daga wani sito da Dawuda ya kama haya a Shisha. Sufeto ya sa aka dire shi tsakiyar ofis, aka kira su biyun.

"Ita ta kai shi can don ta ƙulla min sharri," in ji Dawuda.

"Ka ce naka ne," in ji Sufeto. "Zura masa zare."

Dawuda ya yi ta lalube, zaren na suɓucewa, gumi na ɗiga. Ɗaso ta ture hannunsa, ta zura ko kallo ba ta yi ba, ta taka sau ɗaya keken ya ɗauka.

Sufeto ya daki tebur.

"Kai, ka ji tsoron Allah! Mece ce ita a wurinka?"

Dawuda ya sunkuyar da kai.

"Matata ce. Ta ce za ta kai ni gaban alƙali kan shagon. Na ga in an kore ta, magana ta mutu."

"Maimaita, a rubuta!"

Ya maimaita, ya dangwala yatsa. Wani kurtu ya sa masa ankwa.

"Shagon fa?" Ɗaso ta tambaya.

Ran Sufeto ya ƙara ɓaci, don ya san amsar. "Sunansa ke kan takardar shago, Hajiya. Ni dai na samo miki shaidar aure daga bakinsa. Sauran sai gaban alƙali, kuma ba na miki alkawari."

Aka ja Dawuda zuwa ƙofa. Ya waiwayo.

"Ɗaso, don zaman da muka yi..."

"Ai ba ka san ni ba," ta ce. "Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa alƙali ke zama gobe?"