Jar Fitilar Motar Katako

Magariba ta kawo jiki, ruwan saman Libreville ya ɗauke, Asta tana kwashe tuwo a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ba dutse ba ne. Noti ne, da baƙin mai a jikinsa, da zafinsa. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. 'Yarsu Rauda ta buɗe baki za ta kira uwarta, murya ta ƙi fita.

Mijin Asta, Hammadi, gwanin gyaran manyan motoci ne. Da 'yar na'urarsa da direbobi ke kira balis yake ƙara wa inji ƙarfi, in kuma jar fitilar gargaɗi ta kama, ya goge lambar matsalar ko murfin inji bai ɗaga ba. Aiki dai kamar share ɗaki a tura shara ƙarƙashin gado.

Kwana huɗu Rauda ba uhm ba uhm-uhm. Asibiti suka ce lafiyarta ƙalau. Kowace magariba noti na zuba, tsoro ya hana Hammadi haɗiyar abinci. A rana ta biyar ya ɗauko Malam Zakiru daga unguwar Louis.

Malam ya zauna, ya daɗe yana karatu a kunnenta. Can Rauda ta miƙe zaune, wata tsohuwar murya mai kauri ta fito daga ƙirjinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. An sare bishiyarmu a daji, muka tare a motar da ta ɗauko ta, ni da jikokina. Birkin motar yana mutuwa. Sau uku ina kunna fitila, sau uku ubanta yana kashewa. Ya rufe min baki, na rufe na 'yarsa."

"Me kake so?"

"Muryar nan, har abada."

"Ba ka isa ba. Faɗi wani abin."



"To ubanta ya kira direban, ya faɗa masa gaskiya da bakinsa. Yanzu motar tana dosar gangara."

Hammadi ya kira direban, Muhajir, mai 'ya'ya biyar, wanda ya yarda da shi shekara goma. Wayar ta yi ta ƙara kafin a ɗauka.

"Yaya Hammadi, lafiya?"

"Ka tsaya, don Allah ka tsaya inda kake. Ban gyara birkinka ba. Fitilar kawai na kashe, sau uku, na ce maka na gyara."

Ta wayar suka ji hucin iskar birki, motar ta tsaya da ƙyar. Muhajir ya kashe wayar.

Rauda ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta. Hammadi ya durƙusa yana kuka, yana kiran sunanta. Ta buɗe ido ta dube shi, muryarta a dishe.

"Baba," ta ce, "duk na ji."